Kafin a Ba da Firednisolon: Kundin Aikin Takarda Shafi Ɗaya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Bayan zagayen safe shugabar sashenmu ta tsayar da ni a baranda ta ɗora min aiki. So take in rubuta takarda shafi ɗaya da za a liƙa a ɗakin duba marasa lafiya, saboda sababbin likitocin da ake turo mana duk bayan wata uku. Batun shi ne mara lafiyar da zai zo da kamannin damatomayosaitis, ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa fata da tsoka, alhali abin da ke cinsa limfoma ce, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda bairos ya haddasa. Na ce, "Ranki ya daɗe, shafi ɗaya?" Ta ce in ya wuce haka ba mai karantawa, har da ita.

Na san abin da ya sa ta zaɓe ni, ita ma ta san na sani. Shekara biyu da suka wuce an kawo mana wata mata, fatar idanunta ta kumbura suntum, cinyoyinta sun mutu. Abin da ya fi damunta shi ne in ta yi sujada ba ta iya tasowa sai 'yarta ta kama ta. Gwajin sinadarin tsoka ya hau. Ni na rubuta mata firednisolon, maganin sitiroyid mai danne garkuwar jiki, da hannuna, ina murna na gano ciwon da ba kowa ke ganowa ba. Mako biyu ta murmure har tana tashi daga tabarma ba taimako. A mako na biyar zazzaɓi ya dawo, ƙwayoyin jini suka ragu, saifa ta fito ƙasan haƙarƙari. Ba ta kai wata uku ba, Allah Ya ji ƙanta. Ba mu taɓa yankar nama mun kai gwaji ba, kuma ni ne ya kamata in nema tun ranar farko.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na fara da ciwon na gaskiya, don sai ka san wane kafin ka ce wani ya yi kama da shi. Damatomayosaitis na kama tsokar da ke kusa da gangar jiki, cinya da kafaɗa da wuya, kuma ɓangare biyun tare. Mutum ya kasa hawa bene, mace ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali ko ta tsefe kai. A fata akwai ƙuraje masu kauri a bayan gaɓoɓin yatsu, waɗanda aka sa wa sunan likitan Jamus Gottron, da canjin launi a fatar ido. Littattafai na cewa launin shunayya ne. Wanda ya rubuta haka farar fata yake kallo. A tamu fatar abin da za ka gani duhu ne kamar an goga kwalli ya yi yawa, da ɗan kumburi, kuma sai ka fita da mutum hasken rana. Wannan jimlar dole ta shiga takardar.

Sharuɗɗan gano ciwon da likitoci Bohan da Peter suka fitar a 1975 su muka haddace a makaranta, an kuma fito da sababbi a 2017. Har yanzu na 1975 ɗin ne ke kan yawancinmu.

Akwai abu biyu da nake tsoron sababbin likitocin za su cakuɗa. Na farko, damatomayosaitis na gaskiya kan zo tare da sankara a wani wuri, ta ƙwan mace, ko huhu, ko mama, galibi cikin shekara uku kafin ko bayan bayyanarsa. A Singafo da Hong Kong sankarar bayan hanci ce ke kan gaba a wannan jerin, ita ma kuwa bairos ɗin Epstein-Barr, wato EBV, na da hannu a cikinta. Na biyu, wanda shi ne aikina, babu damatomayosaitis ɗin sam. Ƙwayoyin limfoma ne da kansu suka kutsa cikin tsoka da fata. A na farko ciwo biyu ne a jiki ɗaya. A na biyu, kama da wane ba ta wane.

Asabar, 18 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, na kwana biyu ina karanta tarihin EBV maimakon in yi rubutu. Ba zai shiga shafi ɗaya ba, amma bari in ajiye shi nan.

Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kamfala, shi ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a 1958. A 1961 ya yi lacca a Landan, Anthony Epstein na cikin masu sauraro, ya ji cewa ciwon na bin yankuna masu zafi da damshi, ya ce lalle akwai ƙwayar cuta a ciki. Aka shiga aiko masa da nama daga Uganda, kusan shekara uku ba sa'a. A Disambar 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ke ɗauke da wani samfur zuwa Manchesta, ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi. Kowa zai ce ya lalace. Da Epstein ya duba sai ya ga ƙwayoyin sankarar ne suka saki jikin naman suna yawo a raye. Daga su aka yi renon da aka ga bairos ɗin a ciki, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka wallafa a 1964. Shi ne bairos na farko da aka danganta da sankara a ɗan Adam.

Mu ma da hannunmu a labarin. Ƙwayoyin nan da ake kira Raji, waɗanda ɗakunan bincike na duniya ke renonsu har gobe, a Ibadan aka samo su a 1963 daga wani yaro mai ciwon Burkitt.

Ni kuwa in samfurina ya makara a mota, ruɓewa kawai yake yi.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau na kai ga zuciyar aikin. EBV ya saba zama cikin ƙwayoyin garkuwa nau'in B, ya yi lamo har ƙarshen ran mutum. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya na ɗauke da shi ba su sani ba. Masifar na zuwa ne in ya ɓata hanya ya shiga nau'in T ko NK, waɗanda aikinsu kashe ƙwayoyin da cuta ta kama ne. Daga nan ciwo biyu ke fitowa da suka shafe ni.

Ɗaya limfomar NK/T mai kama hanci. Takan fara da toshewar hanci da haɓo da wari, ta ci ganɗa har ta huda ta, amma tana iya farawa a fata ko hanji ko tsoka ba tare da hanci ya nuna komai ba. Ƙwayoyinta na kewaye jijiyoyin jini su cinye bangonsu, naman da jijiyar ke shayarwa ya mutu. Shi ya sa ake samun gyambo mai baƙin ɓawo, abin da ya kamata ya tsayar da likita.

Ɗayan kuma kamuwar EBV ce mai naci: zazzaɓi da kaluluwa da kumburin hanta da saifa fiye da wata uku, bairos ya cika jini, yana zaune cikin T ko NK. Galibi yara da matasa take kamawa. Wasunsu in sauro ya cije su wurin ya kumbura ya zama gyambo har da zazzaɓi, wasu ƙuraje masu ruwa ke feso musu a inda rana ke duka su bar tabo. Daga Japan da Sin an samu rahotannin waɗanda tsokarsu ta kumbura gaba ɗaya, aka yi ta yi musu maganin ciwon garkuwa kafin a gano. Maganin da ke kawar da ita shi ne dashen ɓargo.

Gidan waɗannan cututtuka gabashin Asiya ne, Japan da Koriya da Sin, sai 'yan asalin Meziko da Gwatamala da Peru. Ba zan rubuta takardar kamar annoba ce a ƙofar gidanmu ba. Limfomar EBV da muka sani a nan ta Burkitt ce, mai tafiya da zazzaɓin cizon sauro, kuma ita ba ta shigar burtu, muƙamuƙi ko ciki ne zai kumbura kowa ya gani. Abin da zan ɗauko daga can shi ne alamun da suka yi ta maimaituwa a waɗanda aka yi kuskure a kansu: zazzaɓi mai naci, kumburin fuska ko ido ya fi ƙuraje yawa, wani lokaci ido ɗaya ya fi ɗaya, tsoka ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, ƙwayoyin jini na raguwa, LDH, sinadarin da ke yawaita a jini in nama na lalacewa, ya hau fiye da yadda tsoka kaɗai za ta bayyana, babu ƙurajen Gottron na sosai, sannan sauƙin da sitiroyid ya kawo ya gushe da zarar an fara rage shi.

Na ƙarshen nan na ja masa layi biyu. Sitiroyid na kashe ƙwayoyin limfoma, shi ya sa yake cikin haɗin magungunanta. Mai limfoma zai ji sauƙi da firednisolon kamar yadda mai ciwon garkuwa zai ji, likita ya ɗauka sauƙin ya gaskata shi. Sannan in aka yanki nama bayan haka, ana iya tarar da ƙwayoyin sun narke, sakamako ya dawo da "kumburi" kawai.

Kuma gano sunan ciwon na da amfani, don maganin ya bambanta. Haɗin CHOP da muka saba ba masu limfoma ba ya cin ta NK/T sosai, saboda ƙwayoyinta na da wani famfo a jikinsu da ke tofar da maganin waje. Abin da ke aiki shi ne haɗin da ke da asfarajines, wanda muka sani a maganin sankarar jinin yara, da kuma gasa wurin da hasken na'ura idan ba ta bazu ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ban taɓa takardar ba kwana goma. Kwanan asibiti, ga biyu daga cikinmu sun tafi jarrabawa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sauka ɗakin gwajin nama wajen Malam, dattijon da ya fi shekara ashirin yana yanka kakin da ake dasa nama a ciki. Na tarar da shi yana hura wa wani kaki iska a kan ƙanƙara kafin ya ɗora a injin. Na tambaye shi me yake so likitoci su daina yi.

Bai ce komai ba, ya buɗe durowa ya ɗauko wata kwalbar allura da aka mayar mazubi, an cusa mata tsoka har wuya, fomalin ɗin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ko rabin naman bai rufe ba. Ya ce, "Likita, dubi wannan. Ruwan ya kamata ya ninka naman sau goma. Wannan cikinsa ya ruɓe kafin ya iso." Ya ɗauko wata takardar neman gwaji, abin da aka rubuta a wurin bayani kalma ɗaya ce tal. "Ku ce min kuna zargin limfoma mana. In ba ku faɗa ba, wa zai sa a nemi abin?"

Abin da na kwaso daga wajensa: a yanka da zurfi har kitsen ƙarƙashin fata, a ɗauko daga gefen gyambo inda nama ke da rai, don tsakiya mushe ne. Kada a matse naman da hantsaki, ƙwayoyin limfoma ba su da ƙwari, suna murƙushewa su zama kamar an shafa shuni. In na farko bai nuna komai ba kuma zargi na nan, a sake, don wannan limfomar ta shahara da sa a yanka sau biyu ko uku.

Labari mai daɗi shi ne gwajin da ke nuna bairos ɗin a cikin ƙwayar kanta, EBER, yana yiwuwa a kan naman da ke cikin kaki. Ba sai da firiza ba. Ana iya sa kakin a ambulan a aika wani gari. Mu ba mu yin sa a nan. Malam ya gargaɗe ni cewa ɓargon da aka jiƙa a asid mai ƙarfi don tausasa ƙashi na iya ba da sakamakon ƙarya, saboda asid ɗin na lalata abin da ake nema.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mun yi musu da wani abokin aikina a wurin mai shayi. Shi a ganinsa a sa gwajin jinin EBV a takardar, mai arha da ake yi a gari. Na ce wannan gwajin tambayarsa ɗaya, ko ka taɓa haɗuwa da bairos ɗin, yaranmu kuwa galibi kafin su shekara uku sun haɗu da shi. In ka gwada ni da kai da mai shayin nan duk zai nuna akwai. Ka karɓi kuɗin talaka ka gaya masa abin da ba ya raba shi da mai lafiya. Gwajin da ke ƙirga yawan bairos a jini shi ke da ma'ana, sai na nama. Ya ce to ai babu su. Na ce rashin na gari ba zai sa in rubuta na banza ba. Bai yarda ba, amma shi ya biya kuɗin shayin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

HTLV-1. Wani bairos ne daban, shi kam namu ne, kuma na ji kunyar yadda na yi watsi da shi a farko. A 1977 Takatsuki da abokansa a Japan suka bayyana wata sankarar T ta manya, suka lura yawancin masu ita haifaffun tsibirin Kyushu ne. A 1980 ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka ya ware bairos ɗin daga wani da ake ɗauka limfomar fata ce ke damunsa, shekara uku kafin a gano HIV. An ƙiyasta mutum miliyan 5 zuwa 10 ke ɗauke da shi a duniya, a kudancin Japan, da Karebiyan, da Kudancin Amurka, da yammaci da tsakiyar Afirka. Tun shekarun 1980 likitocin Ibadan suka ba da rahoton wannan sankarar a Najeriya.

Yana rikita lissafi ta hanya biyu. Shi kansa yana kawo kumburin tsoka, an nuna haka a Jamaika a 1989. Sannan sankararsa na fitowa a fata da siffa iri-iri, tana kuma ɗaga kalsiyam na jini, wanda ke sa kasala da ƙishirwa da taurin bayan gida da ruɗewa. Ga ƙuraje, ga raunin jiki. Gwaji biyu masu arha na iya tona shi: kalsiyam, da shafa jini a gilashi a duba, inda ake ganin ƙwayoyin da cibiyarsu ta yi kunnuwa kamar fure. Duka biyun muna yi a nan.

Cikin masu ɗauke da shi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ne ke samun sankarar, bayan shekaru masu yawa, galibi waɗanda suka tsotse shi a nono. Yana bin jini da saduwa ma. Jinin da ake ƙara wa mutane a nan HIV da ciwon hanta B da C da tunjere ake dubawa, shi ba ya cikin jerin. Japan na gwada masu ciki ta ba su shawara kan shayarwa. Ba zan sa wannan a takardar ba. Inda gudawa ke kashe jarirai, ba a cewa uwa ta janye nono da jimla ɗaya a bango.

Talata, 25 ga Fabrairu

Sista mai kula da ɗakin mata ta karanta daftarin, ta ce na manta babban abu. "Likita, kana ta cewa kada a ba da sitiroyid. Ai sun sha kafin su zo." Gaskiyarta. Kemis na ba da firednisolon da dekza don ciwon gaɓɓai kamar alewa, 'yan mata na shan sha-ka-fashe don ƙiba, man bilicin da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wanda ke shafe ƙurajen da muke nema. Ga shi sitiroyid in ya daɗe shi ma yana kashe cinya. Ta ce in ka tambaya ko ana shan magani za a ce a'a. Ka ce a kawo ledar magunguna gobe, da man shafawa. Na sa haka a layi na biyu.

Talata, 4 ga Maris, 4 ga Ramadan

Na miƙa daftarin. Ya dawo da jan biro ko'ina. Ta soke sakin layin da na yi kan magani gaba ɗaya, ta ce wannan aikin masu sankara ne. Ta ce in ƙara abin da ya kashe matar can bisa dukkan alamu, yanayin da garkuwa ke haukacewa ƙwayoyinta su shiga cinye ƙwayoyin jini a ɓargo. Sharuɗɗansa na 2004 takwas ne, biyar ake nema. Shida muna iya dubawa: zazzaɓi, saifa, raguwar aƙalla nau'i biyu na ƙwayoyin jini, feritin, sinadarin da ke ajiye ƙarfe a jiki, ya kai 500 ko sama, hawan kitsen jini ko faɗuwar sinadarin daskarewa, da duba ɓargo. Ta rubuta a gefe cewa maleriya da taifot da tarin fuka da HIV su za a fara korewa, don su ne ke cika gadajenmu.

Laraba, 19 ga Maris

Takardar ta gamu da mara lafiyarta ta farko tun ba a buga ta ba. Wata matar aure, idanu a kumbure, ba ta iya tashi daga kujera, ga ɗan zazzaɓi. Na riƙe firednisolon, muka yanki fata da tsokar cinya, na kai wa Malam da kaina cikin fomalin mai yawa. Kwana tara muna jira. Mijinta ya tare ni a bakin ƙofa da azumi a bakinsa. "Likita, kun kwantar da ita kuna kallo. Ko maganin ne babu, ku faɗa min in sayo." Na yi masa bayani sau biyu, bai gamsu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Sakamako ya fito jiya: zaren tsoka sun ƙanƙance a gefen kowane dami, siffar damatomayosaitis na gaskiya. Babu limfoma. An fara mata magani.

Shugaba ta kira ni ofis. Ta ce yankan daidai ne, jiran ne kuskure. Da zarar nama ya shiga kwalba, sitiroyid ba zai iya ɓata shi ba. Na tsaya shiru, don abu ne a fili kuma ban gan shi ba. Tsoron kuskuren baya ya sa na ƙara wa matar kwana tara a kwance. Ta ce in rubuta: a yanka cikin kwana ɗaya ko biyu, a fara magani bayan yankan, in kuwa haɗiya ko numfashi ya taɓu, a yanka yau a ba da magani yau.

Laraba, 26 ga Maris

An buga kwafi shida, an sa a leda an liƙa. Shafi ɗaya ne, sai da na ƙanƙance rubutun. Sista ta ce na kusa da taga ba zai kai damina ba, in nemo tef mai kyau.

Saura abu biyu bayan Salla. In samo farashin EBER da tsawon kwanakinsa daga ɗakunan gwaji biyu da Malam ya ba ni lambarsu. Sannan bayan takardar, wanda nake so ya zama bayani da Hausa ga 'yan uwan mara lafiya kan dalilin yankar nama. Na gwada jimlar farko a kan mijin matar nan da ya zo karɓar takardar sallama. Ya ce kalmar "yanka" ce ta tayar masa da hankali tun farko, in ce "za a ɗebi ɗan kaɗan a duba". Na gyara.